"Na yafe" kafin a san abin da aka yafe: yadda wani ɗan ga-ruwa ya karɓi diyyar ƙafarsa a Damagaram

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Damagaram ya san darajar ɗan ga-ruwa. Famfo kan ɗauke kwana biyu ko uku, randuna su bushe, mata su tsaya a bakin ƙofa suna dakon mai kura. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya fi shekara ashirin yana wannan sana'a. Bido goma yake ɗorawa, kowace lita 25, wato kilo 250 na ruwa ban da nauyin ƙarfen kurar, ya tura daga inda ya samu famfo mai zuwa har cikin lungunan Zango da Garin Malam. Da ƙarfin ƙafarsa yake ciyar da mace ɗaya da yara shida.

Cikin azumin 2019, a watan Mayu, da la'asar sakaliya, lokacin da kowa ke sauri ya isa gida kafin a sha ruwa, ya zo tsallaka babban titin da ya ratsa gari. Kura mai nauyi ba ta tsayawa inda aka so. Wata motar ɗaukar kaya ta taho da buhuna, direban ya taka birki amma ta riga ta iso. Ta bugi kurar, kurar ta danne wa Kawu ƙafar dama, ƙashin ƙwauri ya karye gida biyu. Waɗanda suka fara zuwa wurin sun ce ruwan bido da jini sun haɗu suna gangarawa cikin kwata, shi kuma yana ta tambayar ina kurarsa. Direban bai gudu ba, wannan kam a shaide shi. Shi ya taimaka aka ɗauke shi zuwa asibiti. 'Yan sanda sun zo sun auna wurin, sun zana inda motar ta tsaya da inda kurar ta faɗi, sun karɓi takardun motar. Wannan awon da muka ɗauka aikin banza ne a ranar, shi ya zama ginshiƙin komai daga baya.

Na rubuta wannan lamari ne dalla-dalla domin na ga irinsa ya fi sau nawa a unguwarmu, kuma kusan kullum a rana ta biyu ko ta uku ake gama magana, tun majinyaci bai san ko zai sake taka ƙafarsa ba.

A rana ta uku mai motar ya zo. Alhaji ne ɗan kasuwa, mutumin kirki a iya abin da na gani, ya zo da mai unguwarsu da wani dattijo. Suka yi jaje, suka ajiye kwalin sukari da madara, Alhaji ya zaro jika ɗari, wato sefa dubu ɗari, ya tura ƙarƙashin matashin Kawu. Dattijon ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ga shi wata ne mai alfarma, direban yaro ne mai iyali, motar kuma tana tsare ana asara kullum. Sai ya fiddo wata takarda da aka rubuta da Faransanci, ya ce a dangwala a kai wa hukuma don a san an sasanta.

Kawu ko kallon takardar bai yi ba. Ya ce, "Ai na yafe, duniya da lahira. Ba da gangan ya yi ba. Ku kawo in sa hannu."

Ni malamin makaranta ne, ina karanta Faransanci, don haka na roƙi a ba ni in duba. Layi biyar ne. Na ukun ya ce wanda aka buge ya karɓi kuɗi, kuma ya janye duk wata buƙata tasa a kan direba, da mai mota, da duk wanda ya tsaya musu, yanzu da nan gaba. "Duk wanda ya tsaya musu" shi ne kamfanin asurans, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira inshora. Ban yi zaton Alhaji ya shirya cuta ba. Wani marubucin bakin titi ya rubuta masa irin wadda ya saba rubutawa. Amma takarda ba ta san niyyar mai ita ba.

Na durƙusa na ce wa mai unguwar, "Ranka ya daɗe, a ba mu zuwa jibi. Kawu yana cikin zafin ciwo, iyalinsa ma ba su hallara ba." Ba su ji daɗi ba, amma suka tafi. Bayan fitarsu Kawu ya juyar da kai wajen bango. Da ya yi magana sai ya ce, "Ɗana, ka kunyata ni gaban manya. So kake a ce na sayar da ƙafata? Abin da Allah ya ƙaddara, in kai ƙarar wa?"

Wannan tambaya ita ce ainihin lamarin, ta fi duk wata takarda nauyi. Mutuminmu ba rashin son haƙƙinsa ne ke sa shi yafewa ba. Yana ganin neman diyya tamkar jayayya da ƙaddara ne, kuma yana tsoron a ce shi ya ɗaure ɗan wani. Na san ba zan iya cire masa wannan da karatun boko ba, don haka washegari na je wajen malamin da yake ɗaukar karatu a zaurensa bayan sallar asuba, na roƙe shi ya zo dubiya.

Malam ya zo bayan azahar, ya zauna a bakin gado. Na ce, "Allah gafarta Malam, Kawu yana ganin karɓar diyya rashin yarda da ƙaddara ne." Malam bai yi dogon wa'azi ba. Ya tuna masa cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 92, Allah ya wajabta diyya a kan kisan kuskure, ba na ganganci ba, ya kuma bar wa iyalan mamaci zaɓin su yi sadaka da ita in sun so. Ya ce littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zauruka sun ƙayyade wa gaɓoɓi ma nasu: hannu ko ƙafa rabin diyyar rai, yatsa raƙumi goma, haƙori raƙumi biyar. Duka waɗannan kuma ƙaddara ce ta faɗa musu. Sai ya ƙara da abin da ya buɗe wa Kawu ido. Ya ce a shari'a diyyar kuskure ba a ɗora wa mai laifin shi kaɗai, danginsa ne ke haɗuwa su biya, don kada kuskuren rana ɗaya ya tsiyata mutum ɗaya. "Yafiya alheri ce," in ji shi, "amma ka fara sanin mene ne naka, sannan ka ba da. Kuma ka tuna bakunan da kake ciyarwa, su ma suna da haƙƙi a kan wannan ƙafa."

Kawu ya yi shiru. Can ya ce, "To, amma kada a taɓa yaron nan." Na yi masa alkawarin ba za mu nemi ko dala ba daga aljihun direban.

Abin da dokar ta tanada

Daga nan na tafi kotu, ofishin hukumar ANAJJ, wadda aka kafa da doka a Disambar 2011 don bai wa talaka shawarar shari'a kyauta. A can na fara jin yadda abin yake, sauran kuma na karanta da kaina.

Nijar tana cikin ƙasashe 14 da ke bin dokar asurans guda ɗaya, wadda ake kira dokar CIMA. An sa hannu a yarjejeniyarta a Yawunde ranar 10 ga Yulin 1992, ta fara aiki ranar 15 ga Fabrairun 1995, hedikwatar ƙungiyar kuma tana Libirbil ta ƙasar Gabon. Najeriya ba ta ciki, shi ya sa labarin da ɗan uwanka na Kano ko Daura zai ba ka game da inshorarsu ba lalle ya yi aiki a nan ba. Sashi na 200 na dokar ya wajabta wa duk mai abin hawa mai inji, mota ce ko babur, ya yanki asurans da zai biya wanda ya yi wa rauni. Masu motoci da yawa suna ɗaukar wannan takarda a matsayin abin nuna wa jandarma a shinge kawai. Alhali kuɗin da suke biya duk shekara an tara shi ne domin rana irin ta Kawu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sashi na 228. Mun ɗauka tunda Kawu ya tsallaka titi a inda bai kamata ba, magana ta mutu. Dattijon nan ma ya taɓo haka cikin hikima. Amma dokar ta ce wanda ba shi ke tuƙi ba, mai tafiya a ƙasa ne ko fasinja, ana biyansa raunin jikinsa ba tare da an kafa masa hujja da kuskurensa ba, sai fa in da gangan ya jefa kansa. Direba ne kuskurensa ke iya rage masa diyya ko ya hana shi gaba ɗaya. Sai dai wannan kariya ta jiki ce kawai. A kan dukiya, kuskuren mutum yana iya rage abin da za a ba shi, kuma mun ɗanɗana haka a kan kurar.

Sannan ba wanda aka buge ne zai je yana roƙo ba. Dokar ta ɗora wa kamfanin nauyin ya gabatar da tayin diyya. A lokacin da abin ya faru wa'adin wata 12 ne daga ranar haɗari, wata 8 in mutuwa aka yi, kuma akwai tarar jinkiri a kan kamfanin da ya wuce lokaci. 'Yan sanda ko jandarmomi su ma an ba su wata 3 su aika wa kamfanin kofin takardar binciken haɗari, wadda kowa ke kira PV. A wasiƙarsa ta farko dole kamfanin ya sanar da majinyaci cewa yana iya neman kofin PV ɗin kyauta, yana kuma iya ɗaukar lauyan da ya ga dama. Kafin ranar awon rauni kuma dole ya sanar da shi cewa yana iya zuwa da likitansa. Ba a kai kamfanin kotu sai wa'adin tayin ya cika, kuma wanda ya bari shekara 5 ta wuce daga ranar haɗari, haƙƙinsa ya faɗi. Ministocin ƙasashen CIMA sukan yi wa dokar gyara, sun yi a 2014 ma, don haka mai irin wannan lamari a yau ya tambayi wa'adin da ke aiki a ranarsa.

Da na koma wajen Alhaji ban je da faɗa ba. Na ce masa, "Alhaji, kana biyan asurans kowace shekara. Don me za ka biya sau biyu, su kuma su zauna da kuɗinka?" Ya yi jim. Ashe bai ma sanar da kamfanin haɗarin ba, don tsoron kada magana ta yi tsawo. Na riga na tambaya an ce mini jinkirinsa tsakaninsa ne da kamfaninsa, ba ya hana a biya Kawu. A gaban mai unguwa muka sake rubuta takardar. Ta ce Kawu ya yafe wa direba, ba ya neman komai daga hannunsa, jika ɗari kuma taimakon jinya ne, amma haƙƙinsa a kan kamfanin asurans yana nan. Sarakunan gargajiya da wakilansu doka ta ba su ikon sulhu, kuma ni ban ga aibun sulhu ba. Aibun yana wajen sulhun da ake yi da mutumin da bai san abin da ke hannunsa ba.

Maganar hukunta direba kuwa ba a hannun wanda aka buge take ba, ta mai gabatar da ƙara na gwamnati ce. Yafiyar Kawu ba ta rufe ta ba, amma an ji ta. An ci direban tara, ya koma bakin aikinsa, aka saki motar.

Inda muka yi asara da hannunmu

Ba zan ɓoye kuskurenmu ba, domin a nan mai karatu zai fi ƙaruwa. Bayan kwana tara a asibiti, da aka fara maganar aiki da sa ƙarfe a ƙafa, 'yan uwa suka tsorata. Wata gwaggo ta ce in aka bari za a yanke ƙafar. Ina makaranta aka ɗauke shi da dare aka kai shi wajen wani maɗori a wani ƙauye ta hanyar Miriya. Ba na raina maɗora, na ga karayar da suka ɗora ta warke sumul. Amma wannan karaya ce mai rauni a buɗe. Bayan mako biyu ƙafar ta kumbura tana wari, dole aka dawo da shi asibiti, aka yi aikin da aka gudu, ciwon kuma ya ƙara wata guda a kan lokacinsa.

Ta fuskar diyya wannan tafiya ta cuce mu sau biyu. Kuɗin maɗori, da na mota, da na akuyar da aka sayar don jinyar, babu wanda ya dawo, domin sashi na 258 ya ce ana mayar da kuɗin jinya ne bisa takardun shaida, maɗori kuwa ba ya ba da rasit. Sannan likitan kamfanin ya samu abin kamawa, ya ce wani ɓangare na lalacewar ƙafar daga barin asibiti ne, ba daga haɗarin ba. Abin da ya cece mu shi ne takardar likita ta ranar farko, wadda ta bayyana karayar yadda take, da hoton ƙashi na daren da aka kai shi. Da ba a karɓi waɗannan ba, da bakinmu kawai za mu je da shi.

Rasit ɗin magani ma da yawa sun salwanta. Inna, matar Kawu, takan nannaɗe ƙwayoyi a cikin takardar, in maganin ya ƙare ta yar. Da na lura sai na kawo mata wani gwangwanin madara mai murfi na ce, "Inna, duk takardar da aka ba ki, ko ta jika ɗaya ce, ki jefa nan." Daga ranar ba ta sake yar da ko ɗaya ba. Ranar da muka zazzage gwangwanin a kan tabarma muka jera su bisa kwanan wata, wasu man shafawa ya ɓata su, wasu tawadar ta kusa gogewa, mun ƙirga arba'in da ɗaya. Duk wadda ke da tambarin kantin magani an biya ta.

Sai maganar shaidar mutum. Kawu ba shi da takardar haihuwa, katinsa na ɗan ƙasa kuma ya daɗe da mutuwa. Kamfani ba ya biyan wanda bai san shekarunsa ba, domin shekaru suna cikin lissafin. Sai da muka je kotu da shaidu biyu daga garinsu aka yi masa takardar da ke maye gurbin ta haihuwa, sannan aka sabunta katin. Wannan kaɗai ya ci mana kusan wata biyu.

Yadda aka lissafa

A watan Nuwamba likita ya rubuta cewa ciwon ya tsaya, wato ba a sa ran ya ƙara warkewa ko ya ƙara lalacewa. Sai an samu wannan takarda ake iya lissafin ƙarshe. Ƙafar ta gajarce kaɗan, idon sawun ba ya lanƙwasuwa sosai, Kawu yana ɗingishi da sanda. Ranar awo mun je da likitan da ya yi masa aiki. Likitan kamfani ya fara da kashi 12 cikin 100 na naƙasa, namu ya nuna masa hotunan ƙashi ya sa Kawu ya gwada tsugunawa a gabansu, ya kasa. Aka tsaya a kashi 18.

Kusan komai a wannan doka ana auna shi ne da mafi ƙarancin albashin ƙasa, wanda ake kira SMIG. A Nijar a lokacin sefa 30,047 ne a wata, adadin da aka tsayar tun 2012, wato 360,564 a shekara. Kwanakin da mutum ya yi bai iya aiki ba ana biyansu. Ma'aikaci mai albashi ana duba abin da ya karɓa a wata shida na baya. Wanda ba shi da takardar da ke nuna samunsa, kamar Kawu, ana lissafa masa da SMIG. Likita ya ba shi wata biyar, aka ninka, ya tashi 150,235. A bazara Kawu kan samu abin da ya fi haka nesa ba kusa ba, amma wa ke rubuta wa ɗan ga-ruwa rasit? Naƙasar dindindin kuma ana ninka kason da likita ya yanke da wani ƙima da ke cikin jadawalin dokar, wanda ke sauyawa bisa shekarun mutum da girman naƙasar. Yaro ya fi tsoho samu, tunda shi zai fi daɗewa da ita. Azabar ciwo da munin tabo su ma suna da matakai takwas, daga mafi sauƙi zuwa mafi tsanani, kowanne da kasonsa na SMIG ɗin shekara.

Tayin farko ya zo a farkon 2020, takarda ɗaya da jimla a ƙasa. Kawu da ya ji adadin ya ce a karɓa kawai, ai bai taɓa riƙe irinsa ba. Na zauna da fensir na bi shi layi-layi. Babu azabar ciwo a ciki, babu tabo, babu asarar sana'a. Muka rubuta wasiƙa muka lissafa abin da aka tsallake, muka ajiye kofi mai tambarin ranar da suka karɓa. Bayan mako shida tayi na biyu ya zo da su a ciki. Kurar da bidon kuwa rabin kuɗinsu aka ba da, bisa hujjar zanen 'yan sanda da ya nuna inda ya tsallaka, kuma ba mu ja ba domin dokar tana gefensu a nan. Jimlar ta ɗara sefa miliyan ɗaya. Ko bayan sa hannu doka ta ba mutum kwana 15 ya warware yarjejeniyar ta wasiƙa mai rajista in ya ga an tauye shi, in kwanakin sun wuce kamfanin yana da wata ɗaya ya biya. 

Miliyan ɗaya da jika ɗari ba ɗaya ba ne, amma ba zan ce an yi wa Kawu cikakken adalci ba. Dokar ba ta biyan babbar diyyar asarar samu ta tsawon rai sai naƙasa ta kai kashi 50. Wannan ma'auni ya dace da mai aikin ofis, wanda zai iya zama a kujera da ƙafa mai ɗingishi ya ci gaba da karɓar albashinsa. Ga mutumin da ƙafarsa ce jarinsa, kashi 18 a takardar likita kashi ɗari ne a sana'arsa. Akwai wani ɗan gurbi na asarar sana'a, mun nema an ba mu, amma dokar ta yi masa iyaka ƙarama. A ganina an tsara jadawalin ne don kamfanoni su san iyakar abin da za su biya kada su karye, kuma akwai hikima a haka, sai dai talaka mai aikin ƙarfi ne ke ɗaukar nauyin wannan hikima. Mafi yawan mutanen Damagaram kuwa ba masu albashi ba ne.

Ya kamata in faɗi cewa Kawu ya yi sa'a a abu ɗaya: motar tana da asurans mai rai. Da ɗan kabu-kabu ne mara takarda ya buge shi, da hanyar ta fi haka wuya. A nan sai a koma ga dokar farar hula, sashi na 1382, wanda ya ce duk wanda kuskurensa ya jawo wa wani cuta wajibi ne ya gyara, da sashi na 1384 da ke ɗora wa ubangida alhakin ɓarnar yaronsa a bakin aiki. Mutum zai shiga shari'ar a matsayin mai neman diyya, alƙali ya yanke, amma karɓa daga hannun wanda ba shi da komai wani aiki ne daban. Wanda kuwa ya ji rauni yana aikin wani kamfani ko ubangida da ya yi masa rajista, hanyarsa ta asusun kula da ma'aikata na ƙasa ce, wato CNSS, kuma ubangidan ne zai sanar da haɗarin cikin awa 48.

Kuɗin ya fito gab da azumin da ya biyo baya. Kawu ya biya bashin da aka ci lokacin jinya, ya mayar wa gwaggo akuyarta, ya sayi jaki da amalanke da ganga biyu. Babban ɗansa ke kora jakin, shi yana zaune a gefe da sandarsa yana karɓar kuɗi, tsofaffin gidajen da yake kai wa ruwa kuma ba su sauya shi ba. Direban yakan tsaya su gaisa in ya gan su a hanya. Da sallar nan ya kawo wa Inna turmin atamfa.

Gwangwanin madarar yana nan a ɗakin Inna. Watannin baya da mota ta buge ɗan maƙwabciyarta a kan keke kusa da Kasuwar Dole, kafin in ji labari ta riga ta isa asibiti da wani gwangwanin a hannu, ta ce wa uwar yaron kada kowa ya dangwala komai sai an kira ni na karanta.